Ranar da Alida Ta Dafa Uwayen Iri

Tun ranar da Alida ta tare a gidan Remi ba ta taɓa son baƙar saiwa ba, kuma ba ta ɓoye wa kowa ba. Cin ta dai babu laifi. In an dafa ta da madara da man shanu, aka barbaɗa mata gyaɗar ƙamshi, ko maƙiyinta sai ya nemi ƙari. Fereye ta ne bala'i. Aba ce doguwa siririya, baƙa ƙirin kamar an zaro ta daga murhu, cikinta fari tas, da ka sa mata wuƙa sai ta hau zubar da wani farin ruwa mai danƙo, ya manne wa hannu ya bar shi da tabo kwana da kwanaki. A littafi salsifi ake ce mata. Matan yankinsu na Kempen kuwa tun kaka da kakanni baƙin cikin mai girki suke kiranta, Alida ta ce duk matar da ta raɗa wannan suna Allah ya ji ƙanta, don ta faɗi gaskiya.

Lambun na Remi ne. Fili ne dogo a bayan gida, ƙasarsa rairayi, yana noma karas da kabeji da albasa da dankali, amma layin baƙar saiwa shi ne ɗan gaban goshinsa. Irin ba na kanti ba ne. Na mahaifiyarsa ne, Inna Zulma, ita ma a wurin tata uwar ta karɓa, ya fi na kanti gajarta da kauri, kuma ba ya yin itace a ciki ko ya daɗe a ƙasa. Matsalarsa ɗaya, ba ya jiran kowa. In ya shekara a gwangwani rabinsa ya mutu, in ya ƙara wata shekarar sai dai a watsa wa kaji. Saboda haka kowane sanyi Remi yakan zaɓi saiwoyin da suka fi kyau ya bar su a ƙasa, su ne uwayen iri, sai bazara ta zagayo su yi tsawo su yi fure a tara sabo. Alida takan hango furen ta taga, amma ba ta taɓa tambayar daga ina yake fitowa ba. Aikinta daga ƙofar kicin yake farawa. Shi kuma Remi mutum ne da in ba ka tambaye shi ba, ko gobara ce ta kama rigarka sai ya gama tunani kafin ya faɗa maka.

A bazarar da ta wuce ciwo ya kwantar da shi. Lokacin da irin ya nuna yana asibiti, iska ta kwashi nata, tsuntsaye suka yi walima da sauran, ba a tara ko ƙwaya ba. Da aka sallamo shi, wata rana cikin Nuwamba ya ji ɗan ƙarfi, ya fita da sandarsa ya lulluɓe ƙarshen layin da karan alkama, ya dawo yana haki, Alida ta yi masa faɗan fita ba hula. Bai gaya mata dalilin rufewar ba. Kafin watan ya ƙare aka binne shi.

Mutane sun yi mata kara sosai, ita kuma ba mai karɓar alheri ta zauna da shi ba ce. Wanda ya kai ta asibiti da mota, da wadda ta kawo miya, da waɗanda suka ɗauki akwatin gawa, kowa ta haƙa masa baƙar saiwa ta naɗe a jarida. Da farko fizga take yi suna karyewa, har ta gane sai an haƙa rami mai zurfi a gefen layi a ture su ciki a hankali. Zuwa ƙarshen Disamba layin ya ƙare, saura na ƙarƙashin kara.

Al'adar gidan ce a ci abincin rana na Sabuwar Shekara a wurin babban wa, wato gidan Remi, kuma dole da baƙar saiwa a tebur. Alida ta ce rashin Remi ba zai hana ba. Ranar jajibere ta ɗauki shebur ta ɗage karan, ta tarar ƙasar da taushi, sanyi bai daskarar da ita ba. Nan ta tsaya ta yi kuka mai isarta. A ranta cewa take, Allah sarki Remi, yana fama da kansa amma ya tuna da abincin Sabuwar Shekara, ya rufe mata su don kada ta sha wahalar haƙa. Saiwoyin da ta ciro kuwa ba ta taɓa ganin irinsu ba, miƙaƙƙu, masu kauri, ko ɗaya ba ta yi reshe ba. Ta haƙe su kaf, ta fere, ta jiƙa a ruwan lemun tsami don kada su yi baƙi.

Washegari 'yarta Katrien ta zo da mijinta, sai kuma Staf, ƙanin Remi, wanda ciwon gwiwa ya raba da nasa lambun ya koma wani ɗan ɗaki a bene a garin Herentals. Tsakanin Staf da Alida wasa ne tun tana amarya, kuma tsufa bai rage masa baki ba. Ya ci ya ƙara, ya goge farantin da burodi, ya ce ashe matar yaya ta iya girki, jira take mai gidan ya tafi ta nuna. Ta ce masa ya ci a hankali, haƙoran nan na aro ne, in suka faɗa cikin miya ba mai tsamo masa. Aka yi dariya, dariyar farko da aka yi a gidan tun rasuwar. Yana cikin share baki ya tambaye ta, kamar wanda ke tambayar lafiyar maƙwabta:

"Uwayen iri fa? Ɓeraye dai ba su shiga ƙarƙashin karan ba ko?"

Alida ta ce waɗanne uwaye. Ya ce waɗanda Remi ya rufe mana, ai Remin ya kira shi a waya ya faɗa masa, ya ce bana ba a tara iri ba, su kaɗai suka rage. Ta dubi kwanon da ke tsakiyar tebur. Shi ma ya bi idonta ya duba. Saura 'yan gutsattsari ne suna iyo a farar miya.

"Staf," in ji ta, "su ne ka ci."

Ya ajiye cokali a hankali, ya ɗora hannayensa biyu a kan tebur. Da zagi ya yi da ta fi samun sauƙi, don ta san yadda za ta rama. Katrien, da nufin ta gyara, ta ce haba Kawu, ai irin baƙar saiwa akwai shi a kowane kanti. Ya ce akwai. Iyakar abin da ya ce ke nan, mijin Katrien kuwa ya sunkuyar da kai yana nazarin dankalinsa. Kunya da baƙin ciki suka rufe Alida. Abin da ya ratsa yaƙi da yunwa, ya wuce hannun mata biyu da namiji ɗaya bai mutu ba, ita ce ta zo ta yi masa miya cikin wata ɗaya da rasuwar mai shi, har ta ciyar da ɗan mai irin, ya yi ƙari.

Can Staf ya ɗago kai ya ce, "Kawunan fa? Inda kika yanke wajen ganye, ina kika zuba?"

Ta ce cikin bokitin ɓawo, kuma tun jiya da yamma ta miƙa wa Fons saboda zomayensa.

Fons maƙwabcinta ne, gwauro, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, kuma Allah bai yi malalaci kamarsa a unguwar ba. Shingensa ya tsallako lambun Remi, ciyawarsa ta kai gwiwa, ba ya buɗe taga sai rana ta take. Alida ta shekara da shekaru tana yi masa tsiya ta kan katanga, tana ba shi ɓawon kayan miya don tausayin zomayen, shi kuma yakan kawo mata ɗaya a yanke lokacin bikin Ista. Ba ta tsaya ɗaukar kwat ba. Ta fita da rigar bikinta da takalmin ɗaki, Staf na biye yana ɗingishi yana cewa ta jira shi, ita ko waiwaye.

Ta yi ta dukan ƙofa kafin Fons ya fito, da rigar barci, idanu jajur, don a mashaya ya tarbi sabuwar shekarar. Da ya ga fuskarta sai ya fara kare kansa tun ba a tuhume shi ba. Ya ce wallahi yanzun nan yake shirin ba su, bokitin yana nan a rumfa inda ta ajiye, zomo ba ya mutuwa don yunwar wuni ɗaya, ta yi haƙuri ta bar shi ya sha kofi tukuna. Alida ta kama kumatunsa da hannu biyu ta sumbace shi dama da hagu, ta ce Allah ya yi masa albarka, Allah ya ƙara masa barci. Fons ya tsaya sororo, ya dubi Staf ya tambaye shi a hankali ko rashin ne ya taɓa ta.

Suka juye bokitin a kan jarida a daɓen rumfar. Staf ba ya iya durƙuso, ya zauna a kan akwatin katako, ita ta durƙusa tana tone ɓawon dankali da ganyen kabeji tana miƙa masa duk kan da ta samu. Zomaye suka jeru a bakin kejinsu suna kallon abincinsu yana tafiya. Staf yana juya kowane kai yana dubawa, yana cewa Inna Zulma ta ba su labari, a shekarun yaƙi ba wanda ke da halin barin saiwa sukutum a ƙasa, sai a ci jikin a dasa kan, wani ya kama wani ya ruɓe. Amma sai in an bar wa kan nama. Ya ɗaga wani ya auna da babban yatsansa, ya ce kai, matar yaya, wannan ai almubazzaranci ne, rabin saiwar kike yarwa. Ta ce haka take yi tun tana amarya don ta gama da wuri, Remi ya yi mita har ya gaji. Staf ya ce to yau dai son jikinta da na Fons ne suka yi rana, masu ƙwazo su je su huta.

Suka samu abin da bai cika tafin hannu biyu ba. A ranar, baƙi na zaune kofi na hucewa, Alida ta cika akwati da rairayi mai laima, ta jera kawunan kamar yadda Staf ya nuna, ta kai ɗakin ajiya na ƙasa inda sanyi yake amma ba ya daskarar da ruwa. Da zai tafi ya gaya mata gaskiya, ya ce kada ta sa rai da yawa.

Ta sa. Kullum da safe kafin ta wanke fuska sai ta sauka ta duba. Cikin Janairu wasu suka yi laushi suka fara wari, ta cire su ta zubar, ranta na ɓaci kamar ta yi asarar kaza mai ƙwai. Cikin Fabrairu wasu suka bi. Staf ya zame a matakalar bene aka yi masa aikin gwiwa, ya zama ba ya fita, sai ya mayar da waya aikin yi. Da ta ɗauka ba ya ko gaisuwa, sai ya ce, "Sun mutu?" Ita kuma ta ce, "Kai za ka riga su." Daga nan su gaisa. Ba ta taɓa gaya masa yawan waɗanda ta zubar ba, shi ma bai taɓa tambaya ba.

Wajen ƙarshen Maris ta ga ɗan kore a tsakiyar wasu 'yan kaɗan, siriri kamar ciyawa. Ta fitar da su ta dasa a ƙarshen layin, daidai inda ta haƙo su. Matar da a da ba ta san inda ake ajiye shebur ba, yanzu ita ce da tsinto dodon koɗi ɗaya bayan ɗaya, ita ce da toshe ramin ɓera. Katrien ta ce Mama ta zama manomiya da tsufa. Alida ta ce ba manomiya ba ce, ɓarna ta yi take gyarawa, in ta gama za ta koma gaban talabijin ɗinta. Cikin waɗanda suka rayu, biyu ne kawai suka fitar da kara suka yi sama. Sauran suka zauna suna ganye abinsu.

Furen ya buɗe cikin Yuni, rawaya, da sassafe, kafin azahar kuma ya rufe kamar shagon da mai shi ke da wani aikin. Ƙudan zuma suka zo. Da kawunan furen suka fara bushewa sai ga masu rabon bara sun dawo, 'yan tsuntsayen nan masu jan goshi, har da 'ya'yansu. Fons ya leƙo ta shinge ya ce shi zai yi gadi, wannan aiki daidai da shi ne. Ta kafa masa kujera a gindin furen. Da ta leƙa ta taga bayan ta gama wanke-wanke, sai ta gan shi baki buɗe, hula a kan ido, tsuntsu ɗaya a kan furen, ɗaya a kan takalminsa.

Ba ta tashe shi ba. Ta shiga falo ta dubi labulen tagar gaba, farin leshi mai ƙananan huji, wanda duk matan layin suka san ba ya kwana da ƙura. Ta sauke shi ta sa masa almakashi, ta ɗinka 'yan jakunkuna ta ɗaure wa kowane kai nasa. Mako da makonni tagar gidan Alida na tsaye tsirara, masu wucewa suna leƙen kujerunta, matar mai gidan burodi har ta tambaya ko tashi za ta yi. Ta ce a'a, labulen ne ya samu aiki.

Cikin Yuli ta kwance jakunkunan a kan teburin kicin, ta murje gashin ta busa. Irin dogaye ne sirara kamar guntayen tsinken sakace, kuma duka-duka bai cika ƙaramin kofi ba. Ta kira Staf tana murna, shi kuwa ya kwantar mata da ita. Ya ce tsiron da ya tashi daga yankakken kai yakan yi iri fanko, kyau a ido, ciki ba komai. Ta ɗebi kaɗan ta sa a jiƙaƙƙen tsumma a faranti ta rufe, in akwai rai zai nuna.

Wannan jiran ya fi na ɗakin ƙasa wuya, don yanzu babu sauran abin da za ta yi da hannunta. Staf ya daina kira. Ta gane tsoro yake ji, ita ma ba ta kira shi ba. Rana ta bi rana tsumman yana yadda yake. Sai wata safiya ta ɗaga shi ta ga fararen 'yan wutsiyoyi sun leƙo, ba ɗaya ba, ba biyu ba, fiye da rabi. Ta zauna a kujera ta gode wa Allah da baki, a fili, ita kaɗai a kicin. Ta gode wa Remi da ya rufe su, duk da rashin maganarsa. Ta gode wa Inna Zulma, wadda ba su taɓa shiri ba tana da rai. Sannan ta naɗe farantin da tawul, ta hau bas ɗin Herentals da shi a cinya, wani saurayi ya matso kusa ta ce ya yi can da jakarsa.

Ta tarar da Staf a kujera gaban taga, ƙafa miƙe a kan matashi. Ta ajiye farantin a cinyarsa ta buɗe. Ya sa tabarau ya duba, ya cire ya goge, ya sake sawa. Ya buɗe baki zai yi mata godiya, ta tare shi, ta ce ita ce da godiya. Ta ce tun ranar Sabuwar Shekara take jira ya ce mata ta kashe irin uwarsu, kuma da ya faɗa da bai yi ƙarya ba, amma ko sau ɗaya bai faɗa ba, ba za ta manta masa wannan ba har ta mutu.

"Na faɗa mana," in ji Staf. "A cikin bas, ina komawa gida. Har direba ya waiwayo."

Ta yi dariya, hawaye na zuba. Ya rufe tsumman a hankali don kada tsiron ya bushe, ya riƙe farantin da hannu biyu. Ya ce shi ba shi da ƙasa, 'ya'yansa ba su san baƙar saiwa ba sai a kwalba, in ta ga dama ta raba irin ta ba wani mai lambu, ba dole ne ta ɗaura wa kanta wahalar abin da ba ta so ba, ta riga ta fita haƙƙinsa.

"Zan ba Katrien, zan ba duk wanda ya yi alkawarin barin uwaye," in ji Alida. "Amma layin Remi na riga na kafce shi. Kai dai ka warke, Sabuwar Shekara mai zuwa babu, ta gaba ce za a ci. Kuma kai za ka fere."

Staf ya ce ya yarda, in Allah ya kai shi. Ta ce zai kai, mugun iri ba ya saurin mutuwa. Ya ce a bar masa farantin a bakin taga, yana so ya ga sun yi ganye.